Ƙamus da Sifiri

A ɗakin malamai na makarantarmu kujera ɗaya ce mai hannu. Sauran benci ne da kujerun roba, irin waɗanda in ka jingina da ƙarfi sai su baje ƙafafu su kai ka ƙasa. Ita mai hannun tana bakin taga, daidai ƙarƙashin fankar da ta rage tana juyawa, kuma tawa ce. Ba wanda ya ba ni. Na riga kowa zama ne tun ina da sauran ƙugu, na yi ta zama har kujerar ta ɗauki siffata, in wani ya hau sai ya ji kamar ya sa takalmin aro.

Ni ne malamin Turanci. Sunana a ɗakin nan Ƙamus, kuma kada ka ɗauka don yawan sani ne. Malamin lissafi ne ya raɗa mini, wai ga kauri ga nauyi, kuma ba mai buɗe ni sai dole ta kama shi. Ni kuma na rama da Sifiri, saboda kansa: ƙwal, zagayayye, ba komai a waje, ba komai a ciki. Sunayen suka bi mu har gida. ’Ya’yansa in sun zo wurinmu sai ka ji sun yi sallama cikin ladabi suna cewa, “Baba Ƙamus yana nan?”

Tun muna samarin malamai muke haka. Kullum da safe zai shigo da tsohuwar jakarsa, ya tsaya a kaina ya dube ni sama da ƙasa, ya ce, “Au, har yanzu kana nan? Ni fa gadon kujera na zo.” Ni kuma in ce ya matsa daga hasken taga, kansa yana kashe mini ido. Daga nan sai abin da ya zo baki. Ya taɓa tumbina, in taɓa akwalar motarsa da sai ɗalibai sun tura take tashi. In ce ya rage mini hanya, ya ce tayoyinsa ba su da inshora. Sababbin malamai kan tsorata a makon farko, su ɗauka gaba muke yi. Akwai wata malama da ta taɓa zuwa wurin shugaban makaranta ta ce a sasanta mu tun ba mu kai ga dambe ba. Shugaba ya ce mata ranar da ta ji mun yi shiru, ranar ta zo ta gaya masa.

Wata safiya na faɗi a ɗakin malaman nan. Ban tuna komai na safiyar ba, ko shayin da aka ce na sha. Na dai buɗe ido na ga farin silin, da matata tana kuka ba sauti, da wayoyi manne a ƙirjina. Likita ya ce wata jijiyar zuciya ce ta toshe. Ya tambaye ni irin cimata, na fara ba shi labarin kame kai, matata ta karɓe zancen ta tona mini asiri tas, har da naman da nake tsayawa in ci a hanya kafin in shigo gida in ce ban ci komai ba. Aka yi mini aiki, na yi jinya mai tsawo, na rame har wanduna suka koma kamar na wani yayana.

Ranar da na koma makaranta na shiga ɗakin malamai da shirina. Tun a gida na tanadi amsoshi, don na san Sifiri zai ce Ƙamus ya koma ɗan littafin aljihu. Ina sa ƙafa kowa ya miƙe tsaye. Kujerata an goge ta tana ƙyalli, an ɗora mata matashi mai zanen furanni, a gefe ga fulas na ruwan zafi. Sifiri ya taho da sauri ya karɓi jakata, ya riƙe mini gwiwar hannu kamar zai tsallakar da tsohuwa titi.

“Sannu, Malam,” ya ce. “Zauna a hankali. Allah ya ƙara afuwa.”

An zage ni a duniya, iyayen yara sun zage ni, direbobi sun zage ni, amma ba zagin da ya taɓa yi mini zafi kamar wannan “Malam” ɗin. Na ce a raina, ranar farko ce, bari in yi masa uzuri.

Abin bai tsaya a ranar farko ba. Kullum da safe sai ga akwalarsa a ƙofar gidana, mutumin da a da ko ruwa ake tsugawa sai dai ya ɗaga mini hannu ya wuce. Ya buɗe mini ƙofa, ya ja motar a hankali har masu keke suna wuce mu suna waige. In na yi tari a ɗakin malamai, hira ta tsaya. In na miƙe zan ɗauko alli, mutum uku su riga ni. In ina shigowa ana dariya, sai a haɗiye ta, a ce mini ya ƙarfin jiki. A gida matata ta cire gishiri daga abincina, a makaranta an cire shi daga hira. Ban ga laifin matata ba, likita ne ya sa ta.

An ce wanzami ba ya son jarfa. To ni ga ni wanzami, ina yawo ina miƙa fuska, an rasa mai tsaga ni. Na fara da ƙwal ɗin kan Sifiri, na ce da na kwanta asibiti na yi kewar madubi. Ya yi murmushi ya ce, “Haka ne, Malam.” Na taɓa motar, na ce katantanwa ta yi mana sallama ta wuce. Ya ce ai gara a je lafiya. Na tsaya a tsakiyar ɗaki na haɗa bakwai da takwas da ƙarfi na ce sha uku, kuskuren da a da zai ci wata guda yana yi mini waƙa da shi. Ya sunkuyo ya raɗa mini, “Sha biyar ne, Malam,” don kada wani ya ji.

Har rigar da autata ta sayo mini na sa. Rawaya ce mai manyan furanni ja, tun da ta kawo ta na ɓoye a ƙasan akwati don gudun bakin Sifiri. Na zaro ta, na sa, na dubi madubi na ga labulen ɗakin amarya yana dubana. Matata ta bi ni da kallo har ƙofa, ta ce, “Baban auta, lafiya kuwa?” Na ce magani ne. Na shiga mota na baje kafaɗa, ina jira. Sifiri ya dubi rigar, na ga leɓensa ya motsa, na ga maganar ta taho har bakin haƙori. Sai ya haɗiye ta kamar ƙwayar magani, ya ce, “Ta yi maka kyau, Malam.” Haka na wuni cikin rigar nan a banza, ɗalibai suna ƙunshe dariya a bayan littafi.

Ina cikin wannan hali muka zo wani darasi a babban aji. A littafin karatu akwai labarin wasu masu shago biyu maƙwabta da kullum suke jifan juna da magana, a ciki kuma akwai wata kalma da yaran ba su sani ba. Na rubuta ta a allo da manyan baƙaƙe, banter, na ce su faɗa bayana: banta. Suka faɗa.

Na ce musu, “Wannan kalma tana nufin zolaya ta raha tsakanin waɗanda suka saba. Tsokana ce da ba ta da ƙaya. Ba gori ba ce, ba ba’a ba ce, ba habaici ba ne. Maganar a kunne kamar zagi, amma su biyun sun san ba zagi ba ne. Za ka iya cewa akwai banta tsakanin wane da wane, ko ka ce suna banta.”

A bencin gaba akwai wata yarinya da ’yan ajin ke kira Lauya, don ba ta taɓa barin magana ta wuce ba ta bincike ta ba. Ta ɗaga hannu.

“Malam, to in a kunne kamar zagi ne, yaya na gefe zai gane ba cin mutunci ba ne?”

Tambaya ce mai kyau, kuma da ina da hankali da na tsaya na yi tunani. Sai dai daidai lokacin na hango Sifiri ta taga yana wucewa a baranda, da doguwar rularsa ta katako a hammata. Wata dabara ta faɗo mini, irin dabarar da mutum kan yaba wa kansa kafin ta kai shi ta baro. Na ce a gaban aji guda ba zai iya haɗiye magana ba, ko don kada yara su raina shi. Na leƙa na kira shi.

Ya shigo da sauri, idonsa a kan ƙirjina. “Lafiya, Malam? Jikin ne?”

“Lafiya lau. Misali nake so mu ba yaran nan.” Na juya wurin aji. “Ku buɗe kunne, yanzu za ku ga banta da idonku. Kun ga malaminku na lissafi? In aka ɗauke wuta a gidansu ba sa kunna fitila, hula kawai yake cirewa.”

Ajin ya fashe da dariya. Na juya ina jiransa, ƙirji a buɗe. Ya yi murmushi ya ce, “Haka ne, Malam.”

Na ce, “Motarsa kuwa, rannan ɓarayi suka sace ta, da gari ya waye suka dawo da ita da takardar ban haƙuri da ɗan abin sayen mai.”

Aka yi dariya, amma ba ta kai ta farko ba. Ya sauya wa rular hammata, ya ce, “Gaskiya ta tsufa.”

A nan ya kamata in tsaya. Amma haushi ya riga ya hau mini kai, haushin makonnin nan na sannu-sannu da matashi mai furanni. Na ce yau ko ta halin ƙaƙa sai na fasa shi. Akwai abu ɗaya da duk tsawon zamanmu ban taɓa kai baki gare shi ba. Shekarun baya an tsallake shi an ba wani yaro da shi ya koyar muƙamin mataimakin shugaba. Abin ya ci shi ƙwarai, ni na sani, don a gidana ya zo ya zauna ranar, ya kasa shan ko ruwa. Na san inda yake masa ciwo, can na kai hannu.

“Shi ya sa da aka zo naɗa mataimaki aka duba aka ga sifiri ko an ɗora shi a kan kujera ba ya ƙara komai.”

Tsit, kamar an yi ruwa an ɗauke. Ba yaron da ya yi dariya. Na ga kunnuwansa sun motsa, na ga yatsunsa sun damƙe rular. Na ce a raina, yauwa, taho, zage ni, ko da rular ce ka maka mini. Ya dube ni, ba fushi a idonsa, wani abu ne daban da ban gane ba a lokacin.

“Allah ya ƙara lafiya, Malam,” ya ce. Ya fita, ya ja ƙofar a hankali.

Na tsaya da alli a hannu. Yara sun sunkuyar da kai, wasu suna wasa da biro. Lauya ce kaɗai take dubana.

“Malam, wannan shi ne banta ɗin?”

Na ajiye allin a kan tebur.

“Ni dai a ganina cin fuska ne,” ta ce, ba da rashin kunya ba, kamar mai gyara lissafi. “Tunda shi bai rama ba.”

Na yi shekaru ina koyar da Turanci, na cinye ƙamus ya fi a ƙirga, ga yarinyar da ba ta gama sakandare ba ta ba ni rabin ma’anar da na bari a waje. Kunya ta rufe ni har na ji zufa a bayan wuya. Na ce musu ta faɗi gaskiya, su ƙara a ƙarƙashin kalmar cewa sai mutum biyu ake yin ta, wannan ya jefa wancan ya mayar, in ɗaya ne kawai ke jifa to sunan abin ya sauya. Suka rubuta. Ni kuma na zauna a kan tebur ina jiran a buga ƙararrawa, ina jin kaina ƙaton wawa mai furfura.

Da aka tashi na so in sulale in hau motar haya. Ina fitowa na tarar da akwalar a bakin ƙofar makaranta, ya buɗe mini ƙofa yana jira. Da ya tafi ya bar ni da na fi jin daɗi. Na shiga, muka kama hanya a tafiyarmu ta hawainiya. Sai da muka wuce gidan mai na tattaro ƙarfin hali.

“Maganar mataimakin nan, ban kyauta ba. Ka yafe mini.”

“Ba komai, Malam.”

“Ka sake ce mini Malam, wallahi buɗe ƙofar nan zan yi in fita.”

“Mota tana tafiya.”

“Wannan ce tafiya? Sauka zan yi in riga ka zuwa gida in sa a dafa maka shayi.”

Bai yi dariya ba. Ya gangara gefen titi kusa da wani mai faci, ya kashe motar, abin da ba ya yi sai dole, don ba tabbas za ta sake tashi. Ya riƙe sitiyari da hannu biyu yana kallon gaba.

“Ba ka tuna safiyar da ka faɗi ba ko?”

Na ce ko kaɗan.

“Ni ina tunawa. Na shigo na same ka a kujera kana shan shayi. Na ce, Ƙamus, don Allah ka faɗi yau mu huta, bayana ciwo yake, ina bukatar kujerar nan. Haka na faɗa, a gaban kowa. Ka yi dariya, ka miƙe za ka ba ni amsa, ka ɗaga yatsa. Sai ka tafi ƙasa.” Ya nuna baya da yatsa. “A bayan motar nan aka sa ka, kanka a cinyata, malamin wasanni yana tuƙi. Ina ta kiranka ba ka amsawa. Ban ma kira ka da sunanka na gaskiya ba, Ƙamus nake ta cewa, don shi ya zo bakina. A barandar asibitin nan na yi wa kaina alkawari, in ka tashi, bakina ba zai ƙara faɗa maka magana marar daɗi ba har abada.”

Na dube shi. Sai a lokacin na lura shi ma ya rame, wuyan rigarsa ya yi masa yawa. Duk makonnin nan ina ta lissafin abin da aka hana ni, ban taɓa tambayar abin da shi yake ɗauke da shi ba. Tausayinsa ya kama ni, haushin kaina ya kama ni, sai abin ya fito ta hanyar da na iya.

“Kai a su wa?” na ce. “Tun muna samari kake roƙon in rame, na taɓa ramewa kafin ciwon nan? Bakin da ’yan aji ɗaya ma ba sa saurara, shi ne zai toshe jijiya? Likita ya ce kitse ne da gishiri. Aikin hannuna ne, shekara da shekaru ina tara shi loma-loma, ba za ka zo rana tsaka ka ƙwace mini shi ba.”

Gefen bakinsa ya ɗan motsa, amma ya girgiza kai. “Ba ka ga fuskarka ba ranar. Ni na gani.”

Na ajiye wasa. Na ce, “To ji nan. Kewarka nake yi. Kullum muna mota ɗaya, ɗaki ɗaya, amma kewarka nake yi. Tun da na dawo kowa kallon gawar da aka ba hutu yake yi mini. Matata in ina barci sai ta sa hannu a hancina. Auta ta hana ni ɗaukar ko bokiti. Su ban ce komai ba, haƙƙinsu ne su ji tsoro. Kai kaɗai nake sa ran za ka dube ni ka ce mini tsohon banza, in san na dawo. Kai ma sai ka bi layin masu ta’aziyya. Wannan Malam ɗin da kake ce mini, kamar kana zuba mini ƙasa ne da kaɗan-kaɗan.”

Ya murɗa makulli, motar ta yi tari ta yi shiru. Ya sake, ta ƙi. Na sa hannu zan buɗe ƙofa in tura, ya riƙe mini hannu da ƙarfi, ya kira mai facin da wani mai sayar da lemo suka tura mu. Haka muka isa ƙofar gida. Da na sauka ya ce, “Sai da safe,” bai haɗa da Malam ba, bai haɗa da komai ba.

Da safe na shirya na fito ƙofar gida. Ba akwala, ba dalilinta. Na tsaya, na zauna a kan dakali, na sake miƙewa. Yaran unguwa suka gama wucewa makaranta. Matata ta leƙo ta ce ko in buga masa waya, na ce a’a. Na ce shi ke nan, jiya na tozarta shi a gaban yara, na kuma zo na yi masa wa’azi a motarsa, yau ko sannun ma na rasa ta. Na taka zuwa bakin titi na shiga motar haya, aka matse ni tsakanin wata mai kwandon kaji da wani mai barci a kafaɗata. Na isa makaranta a makare, jiƙe da gumi, takalmina duk ƙasa.

Na tura ƙofar ɗakin malamai. Kowa yana nan, lokacin shan shayi ne. A bakin taga, ƙarƙashin fanka, Sifiri ne zaune a kujerata. Ya tura matashin mai furanni a bayansa, ya miƙe ƙafafu a kan benci, ya buɗe jarida ta rufe masa fuska.

Ya sauke ta a hankali. Ya dube ni sama da ƙasa.

“Au,” ya ce, muryarsa ta ɗan sarƙe, ya gyara ta. “Ba ka mutu ba? Ni fa har na gaje kujera. Na so in biyo in ɗauko ka, to tayoyin nan ba su da inshora.”

Malamar kimiyya ta tsaya da cokali a iska. Malamin wasanni ya miƙe rabi, idonsa a kaina, a shirye yake ya tare ni in na tafi ƙasa.

Ni kuwa, Ƙamus guda, da na yi makonni ina tanadin amsoshi, na buɗe baki na tarar ba kalma ko ɗaya. Idona ya kawo ruwa, a gaban kowa, da gumi da jaka a hannu. Ina ganin fuskarsa tana sauyawa, murmushin dolen yana zamewa, tsoro yana hawa. Ya ɗauka ciwon ne ya dawo. Ya saki jaridar, ya dafa hannun kujera zai tashi.

“Ka rama mana,” ya ce ƙasa-ƙasa, kamar mai roƙo. “Ƙamus, don Allah ka rama.”

Na share fuska da bayan hannu. Na lalubi cikin kaina, ban samo komai ba sai tsohon kaya.

“Matsa daga hasken taga,” na ce. “Kanka yana kashe mini ido.”

Ya saki numfashi mai tsawo, ya koma ya jingina. Ya dubi sauran malamai, ya nuna ni da leɓe.

“Kun ji ko? Wannan tun kafin a haifi autarsa yake faɗarta. Ashe ciwon har ƙwaƙwalwa ya taɓa. Kuma kafin in manta, rigar nan ta rannan, wace mata ce aka bari ba labule?”

Malamar kimiyya ce ta fara dariya, shayi ya sarƙe ta, sai ɗakin gaba ɗaya ya ɗauka. Ni ma ina yi, hawaye na zuba, hannu ɗaya dafe da ɗinkin ƙirjina don yana ja. Ba wanda ya miƙe ya ba ni wuri. Na ja benci na zauna kusa da shi, na zuba wa kaina ruwan zafi da hannuna. Bencin tauri gare shi, ga ƙusa ɗaya da ta fito tana cizon wando, bayana ya wuni yana ciwo.

Da aka buga ƙararrawa ya miƙe ya ɗauki rularsa. A bakin ƙofa ya waiwayo ya ce kada in kuskura in hau masa kujera kafin ya dawo. Yana fita na koma kanta, na jefa masa matashin a kan benci.